Tayar da Tsohon Injin Girbi a Ƙofar Gida: Daga Cheras Zuwa Kadawa

Babu gonar shinkafa a Cheras ta ƙasar Malesiya. Wanda ya hau jirgin ƙasan cikin gari na layin Kajang, wanda aka gama buɗe shi a 2017, abin da zai riƙa gani ta taga daga Taman Pertama zuwa Taman Connaught har Batu 11 shi ne dogayen benaye, manyan kantuna, da jerin gidaje manne da juna, kowanne da 'yar rumfar ajiye mota a ƙofarsa. Kafin gidajen nan, gonakin roba ne da ramukan haƙar kuza a wannan yanki da ya faro daga cikin Kuala Lumpur ya zarce cikin jihar Selangor. 'Ya'yanmu da ke karatu a jami'ar UCSI ko a Serdang sun fi sanin unguwar da kasuwar dare ta ranar Laraba a Taman Connaught, mai tsawon kusan kilomita 2. To me ya haɗa irin wannan wuri da injin girbi?

Ƙarfe ne ya haɗa su. Tun zamanin haƙar kuza wannan ɓangare na birnin ya saba da gyaran injin da aka ƙera a wata duniya. Chan Sow Lin, attajirin kuza ɗan asalin Sin da ya rasu a 1927, ya yi suna ne da maƙerar narkar da ƙarfe da ya kafa a Kuala Lumpur, kuma unguwar masana'antu da tashar jirgin da ke ɗauke da sunansa suna nan dab da inda hanyar Cheras ta taso. Daga kudu kuma ga Balakong, cike da ƙananan shaguna na masu walda, masu injin fere ƙarfe, masu sayar da boris da bel da sarƙa. Ka kai musu sandar ƙarfen da ta cinye, su auna ta su fere maka sabuwa. Gaba kaɗan da nan ga Serdang, inda makarantar koyon aikin gona ta 1931 ta girma ta zama jami'ar UPM, ga kuma cibiyar binciken noma ta MARDI da aka kafa a 1969. Duk wanda ya sa wa ransa sai ya tayar da mataccen injin gona a gidansa, da wuya ya sami maƙwabta da suka fi waɗannan amfani.

Injinan kuwa ba su da nisa.

Rawaye masu ƙafar katafila

Tafiyar kilomita kamar 100 ce daga Kuala Lumpur zuwa Sekinchan, a gundumar Sabak Bernam, inda ake noman shinkafa sau biyu a shekara. Idan kaka ta yi, a nan da Tanjung Karang, da can arewa a jihar Kedah, za ka ga wasu manyan injina rawaye suna ratsa fadama suna tayar da ƙura da ƙaiƙayi. Da yawansu sun girmi masu tuƙa su. Clayson ne da New Holland, irin su samfurin 1545 da 8080, ƙirar shekarun 1970 da farkon 1980.

Asalinsu wani ƙaramin gari ne a Beljiyam mai suna Zedelgem. A nan Leon Claeys ya fara ƙera injin sussuka a 1906, kuma a 1952 masana'antarsa ta fitar da samfurin MZ, ɗaya daga cikin injinan girbi na farko a Turai masu tafiya da kansu ba tare da tarakta ta ja su ba. A 1964 kamfanin New Holland na Amurka ya sayi mafi yawan hannun jarin masana'antar. An ƙera waɗannan injina ne don alkama da sha'ir, a busasshiyar ƙasa, cikin 'yan makonnin bazarar Turai. Da manoman can suka gama cin moriyarsu, sai 'yan kasuwa suka kwaso su zuwa Malesiya, gareji-gareji suka karɓe su.

Abin da ake yi musu ya wuce kwaskwarima. Tayoyin gaba ana cire su a sa ƙafar katafila, don taya nutsewa take yi a taɓo. Gangar sussukar da ke ciki, mai sanduna masu goge zangarniyar alkama, ana musanya ta da mai haƙoran ƙarfe, saboda shinkafa da ɗanyen kara ake yankanta kuma tsefe ta ake yi, ba murza ba. Ɓawon shinkafa yana da kaushi ƙwarai, yana cinye ƙarfe a hankali, shi ya sa duk inda ƙwaya ke bi sai an riƙa sake masa falle. Bayan shekaru da irin wannan faci, za ka tarar da injin da kusan babu abin da ya rage na Beljiyam a jikinsa sai ƙashin bayansa da sunan da ke rubuce a gefe. Ana ɗora su a kan tirela ana bin kaka daga jiha zuwa jiha, dillalai na haɗa mai injin da mai gona.

Waɗannan makanikai ba don sha'awa suke yi ba, abincinsu ne. Amma ni a ganina su ne malaman duk mai son yin aikin don sha'awa, domin sun tabbatar da abu guda: injin girbi na wancan zamani babu wani sirri a cikinsa. Bel ne, da sarƙa, da boris, da fallen ƙarfe. Babu kwamfutar da za ta ƙi tashi sai wakilin kamfani ya zo da tasa na'urar.

Sai dai lokacinsu ya fara ƙurewa. Nauyinsu yana fasa tauraren ƙasan da ke ƙarƙashin taɓon fadama, har wasu gonaki a Kedah suka koma wuraren da injin ke nutsewa, kuma ana ɗora wa manyan injinan nan kaso na laifin. Ƙananan injina masu ƙafar roba, na Kubota da na kamfanonin Sin, su ne ke karɓar filin. A daidai irin wannan gaɓa ce tsohon injin ke fuskantar ɗaya daga cikin biyu: ko sikelin mai sayen ƙarfe, ko hannun wanda zai adana shi.

Kafin a yi masa kirari

Kada sha'awa ta sa mu manta da yadda injin ya shigo. An gina shirin ban ruwa na Muda a Kedah da Perlis tsakanin 1966 da 1970 da rancen Bankin Duniya, fili kusan hekta 96,000, aka fara noma sau biyu a shekara daga 1970. Da farko talakan ƙauye ya ji daɗi, don ƙwadago ya ninka: yanka, ɗauri, bugu, dako. Daga tsakiyar shekarun 1970 sai injin girbi ya iso, cikin 'yan shekaru ya kwashe mafi yawan aikin.

James C. Scott, malamin jami'ar Yale da ya rasu a 2024, ya zauna a wani ƙauyen Kedah daga 1978 zuwa 1980, ya sakaya sunansa da Sedaka, ya kuma fitar da littafinsa Weapons of the Weak a 1985. A ciki ya ba da labarin yadda 'yan ƙwadago suka yi ta yaƙar injin a ɓoye: a cire masa batir cikin dare a jefa a magudanar ruwa, a zuba yashi da taɓo a tankin mai, a cusa ƙarfe inda zai karya masa haƙori. Mata masu dashe kuma suka yi ƙoƙarin ƙaurace wa gonakin waɗanda suka yi hayar injin. Ba su yi nasara ba. Duk wanda ya taɓa ganin matasa sun yi layi a bakin titin Kura da laujensu suna jiran mai gona zai gane abin da ake nufi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Gidan tarihin shinkafa da ke Gunung Keriang kusa da Alor Setar, wanda aka buɗe a 2004, yana adana kayan noman hannu na da. Injin da ya kore su ma ya cancanci a adana shi, amma tare da labarinsa duka, har da na waɗanda ya raba da abincinsu.

Inda abin ya zama sha'awa

A Ingila da Amurka da Ostireliya ne tayar da tsofaffin injinan gona ya zama aikin ƙarshen mako, mai ƙungiyoyi da mujallu da bukukuwa. Taron masu tsofaffin injinan sussuka na Mount Pleasant a jihar Iowa tun 1950 ake yinsa. Na Dorset a kudancin Ingila ya fara a 1969, inda a da akan yanke alkama da tsohon injin ɗaure dami, a tara, a sussuke ta a gaban jama'a da injin tururi. Gidan tarihin rayuwar karkara da ke East Kilbride a Sikotland yana da tarin injinan girbi da ake zuwa kallo daga nesa.

Wanda masu wannan sha'awa suka fi girmamawa shi ne Massey-Harris 21, wanda ya fito a 1941 daga hannun injiniya Tom Carroll, ɗan Ostireliya. A 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya, ƙarfe ya yi tsada kuma maza sun tafi fagen fama, sai kamfanin ya sami izinin ƙera ƙarin guda 500, aka sayar wa waɗanda suka yi alkawarin bin kaka daga kudancin Amurka zuwa arewa suna girbe wa mutane. Sun girbe fiye da eka miliyan 1. Ƙannen wannan injin, irin su 726 da 780, a Kilmarnock ta Sikotland aka ƙera su bayan buɗe masana'antar a 1949. Akwai kuma All-Crop na kamfanin Allis-Chalmers, ƙaramin da tarakta ke ja, wanda ya fito a 1935, kuma har yau ƙananan manoma a Amurka na neman tsofaffinsa don girbin iri.

Duk da haka, a kowane irin taro za ka ga tarakta birjik, injin girbi ɗaiɗai. Dalili a fili yake. Ferguson TE20, wadda aka ƙera fiye da 500,000 a Coventry tsakanin 1946 da 1956, ƙarfen zubi ce mai kauri. Ko ta shekara talatin a gindin bishiya za a iya tayar da ita, kuma ta shiga garejin mota. Injin girbi kuwa akwati ne na siririn falle, ga faɗi ga tsayi, kuma makonni kaɗan yake aiki a shekara. Sauran watannin yana zaune da ragowar ƙwaya a cikinsa, ƙwayar na jan danshi da ɓeraye. Daga ciki yake ruɓewa, fentin waje na yaudarar mai kallo.

Wane injin ne zai shiga rumfar mota?

Mu dawo Cheras. Gidan da aka saba gani a can faɗinsa ƙafa 20 ne ko 22, rumfar gaba kuma mota ɗaya ko biyu take ɗauka. Bakin yankan Clayson kaɗai ya kai mita 4 ko fiye. Ka ajiye shi a titi, hukumar birni ta ɗauke shi a matsayin yasasshiyar mota, maƙwabta kuma ba za su jira hukuma ba kafin su fara ƙorafi. Wanda ya nace sai babban injin, dole ya yi hayar fili a wajen gari.

Abin da ya dace da mai aikin gida shi ne ƙananan injinan Japan na shekarun 1960 da 1970: injin yanka da ɗaure dami wanda mutum ke bi a baya yana riƙe da hannu biyu, ko ƙaramin injin sussuka, ko tarakta mai ƙafa biyu. Kubota da Yanmar da Iseki sun ƙera su da yawa don ƙananan gonakin ƙasarsu, kuma kwancensu na shigowa kudu maso gabashin Asiya ta jiragen ruwa. Mutum biyu ko uku na iya ɗora irinsu a bayan a-kori-kura.

Babban abokin gaba a nan shi ne iska. Ruwan sama a Kuala Lumpur yakan haura milimita 2,400 a shekara, danshin iska kuma yana kusan kashi 80 cikin 100. Ƙarfen da ka goge da yamma ya yi fes, da safe za ka tarar ya fara ja. Ƙa'idar ita ce kada ka kankare abin da ba za ka shafa wa fentin ƙasa ko mai a ranar ba. Ga kuma dizal ɗin gidajen mai, wanda tun 2019 ake gauraya shi da kashi 10 na man da aka sarrafa daga kwakwar manja. Sababbin motoci ba ruwansu, amma tsofaffin robobin bututun mai suna laushi da shi, kuma idan ya daɗe a tanki yana jan ruwa ya yi dauɗa. Injin da sau ɗaya a wata ake tayar da shi, gara a bar tankinsa da sabon mai kaɗan da a cika shi a manta.

Yadda aikin yake tafiya

Abu na farko ba sifana ba ce. Ɗan farantin da aka buga wa lambar injin da samfurinsa ake fara nema, don da shi ake gane shekarar ƙira a kuma nemo littafin kayan gyara, mai zanen kowane noti da inda yake zama. Sannan a ɗauki hoton kowane lungu da waya kafin a kwance komai, musamman yadda bel da sarƙa suka zagaya. Aikin sha'awa yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kuma abin da kake ganin ba za ka manta ba yau, bayan azumi biyu ya tafi.

Sai shara. A buɗe duk wata ƙofa da murfi, a kwashe sheƙar ɓera da ruɓaɓɓiyar ƙwaya. A sa safar hannu da takunkumi, domin cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera sananniya ce a Malesiya kuma tana kisa. Wuraren da tsatsa ta fi cinyewa sanannu ne: gindin bututun da ke ɗaga ƙwaya zuwa tanki, kwanon da ke ƙarƙashin gangar sussuka, da ƙasan tankin kansa. A bi su da tsinin sukudireba. Inda ya huda, ba fenti zai gyara shi ba, sai an yanke an yi sabon falle.

Injin da ya daɗe a zaune galibi ya cije. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kawo sabon batir a danna kik don a ji ko zai tashi. Da haka ake lanƙwasa sandar fistin ko a karya ringi, ƙaramin aiki ya koma babba. Abin yi shi ne a cire nozul, ko fulogi idan na fetur ne, a zuba dizal gauraye da ɗan man giya mai ruwa-ruwa a kan kowane fistin, a rufe, a tafi. Bayan kwanaki a zo a gwada juya shi da hannu, gaba kaɗan baya kaɗan. In ya ƙi, a ƙara mai a ƙara haƙuri. In ya motsa, sai a sauya baƙin mai da matata, a wanke tanki, a fitar da iska daga layin mai. Ranar da za a tayar da tsohon injin dizal karon farko, a tanadi katako mai faɗi a kusa da bakin shan iskarsa. Idan famfon mai ya maƙale a buɗe, injin zai yi ta ƙara gudu ba ya jin kashewa, kuma toshe masa numfashi ne kaɗai zai tsayar da shi. Wanda ya yi sa'a injinsa na Perkins ne, irin wanda ke cikin Massey Ferguson, ya huta, don kayansa har yau ana samu daga Balakong har Kano.

Cikin injin girbin shi ne inda daɗin aikin yake. Tsarin bai sauya sosai ba tun da aka haɗa yanka da sussuka a injin guda: wuƙa mai kai da komo ta yanke kara, a tura shi cikin ganga mai juyawa ta raba ƙwaya da zangarniya, wasu dogayen matakai masu girgiza su fitar da karan ta baya, rariya da fanka su yi aikin sheƙa, tsabar ta hau tanki. A cire bel duka, a juya kowane sashe da hannu, a saurara. Boris mai ƙara a sauya shi. A yawancin tsofaffin injina, matakan da ke girgiza karan a kan gutsattsarin katako suke juyawa, ba boris na ƙarfe ba, kuma kafinta mai hankali zai sassaƙa sababbi daga icce mai tauri a jiƙa su da mai. Gangar sussuka kuwa ba a wasa da daidaitonta. In an sauya haƙori ko sanda a gefe guda, sai an sauya na ɗaya gefen, in ba haka ba da ta ɗauki gudu za ta girgiza injin har ta tsaga shi.

Noti ma na da nasa tarkon. Injinan Amurka da tsofaffin na Ingila da awon inci aka yi zarensu, na Beljiyam da Jamus da Japan kuma da milimita. Noti na iya hawa zagaye biyu lafiya lau sannan ya cinye zaren. Kada a tilasta shi.

Ƙananan ƙarafa masu tsatsa ba sai an sha wahalar kankara ba. A sami robar ruwa, a zuba sodar wanki, a rataya ƙarfen a ciki a haɗa shi da baƙar wayar cajar batir, jar wayar kuma a haɗa ta da wani ƙarfen banza a cikin ruwan ba tare da sun taɓa juna ba. Kwana ɗaya ko biyu tsatsar ta saki. A waje ake yin wannan, don iskar da ke tashi daga ruwan tana kama wuta.

Mai injin ɗaure dami kuma zai sha fama da abu guda: maɗaurin. John Appleby ne ya kammala ƙirarsa a Amurka a ƙarshen shekarun 1870, wani ɗan ƙarfe mai baki da ke kama igiya ya juya ya ƙulla, wuƙa ta yanke. Ɗigon tsatsa a bakinsa ya isa ya hana ƙullin zamewa. Ana goge shi ne har ya yi santsi, a wasa wuƙar, sannan a yi ta gwada taurin igiyar har dami ya fito a ɗaure. Wanda ya ga ƙullin farko ya fita daidai bayan makonni yana tsintar warwararren kara, shi ya san abin da ya sa mutane ke kashe kuɗinsu da hutunsu a wannan harka.

Haɗari kuma akwai shi. Tsofaffin faifan birki da kuloci na iya ƙunsar asbesto, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, don haka ba a hure su da iska, jiƙa su ake yi. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma. A gidan da yara ke rarrafe ba a kankare shi a bushe. Kuma ba a shiga ƙarƙashin bakin yanka da aka ɗaga sai an tokare shi da ƙarfe ko gungume.

Saura fenti, wanda a kansa masu wannan sha'awa suka rabu biyu. Wasu sai sun mayar da injin ya fi ranar da ya fito daga masana'anta ƙyalli. Wasu kuwa wankewa kawai suke yi su shafa mai, su bar koɗaɗɗen fentin da tabon waldar da wani makaniki ya yi shekaru arba'in da suka wuce. Ina tare da na biyun. Clayson ɗin da ya yi aiki a Kedah, in ka cire masa ƙafar katafila ka mayar da shi kamannin Zedelgem, ka goge rabin tarihinsa, kuma rabin da ya fi ban sha'awa.

Namu na gida

Mu ma ba baƙin injin girbi ba ne. Bayan da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, filayen Kadawa da Kura da Garun Malam sun ga alkama sun ga injina. Haka Bakolori kusa da Talata Mafara, haka shirin ban ruwa na kudancin Tafkin Chadi a Marte, wanda janyewar tafkin ta durƙusar. Shirye-shiryen noma na Bankin Duniya sun fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975, Obasanjo ya zo da shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya zo da nasa a 1980. An haɗa taraktocin Steyr a Bauchi, na Fiat a Kano. Kowane shiri da jerin injinansa. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan gyara suka gagara, sai aka fara cire na wannan a sa wa wancan, har harabar ma'aikatun gona da sakatariyoyin ƙananan hukumomi suka cika da gawarwakin ƙarfe.

Yanayinmu ya fi na Cheras tausayin ƙarfe nesa ba kusa ba. Rana da hunturu suna fasa taya da bel, ƙura tana toshe lagireto, amma falle na iya shekaru a Kano ko Katsina bai huje ba. Hannu ma muna da shi. Wanda ya taɓa zagaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san akwai mutanen da za su kalli ƙarfen da ya karye su ce, “Maigida, bar shi, dawo jibi,” kuma ka dawo ka same shi. Da hannun irinsu ne tsofaffin Massey Ferguson ke ci gaba da huɗa har yau.

Abin da ke cinye injinanmu sikeli ne. 'Yan gwangwan kilo suke saye, ba ruwansu da shekarar ƙira, kuma injin girbi guda tan-tan ne na ƙarfe. Ana gwanjonsa, a sa masa wutar yanka, kafin la'asar ya hau mota zuwa masana'antar narka. Ban ga laifin mai saye ba, sana'arsa yake yi. Amma muna da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, muna da masu ajiye tsohuwar Vespa da Marsandi suna goge su ranar Juma'a, sai ga injinan da suka girbe alkamar Kadawa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya ba mai tanka wa. Makarantun koyon aikin gona da kwalejojin fasaha za su iya karɓar ɗaya-ɗaya. Ɗalibin da ya kwance ganga da rariya da hannunsa ya fi wanda ya zana su a allo fahimtar ƙananan injinan Sin da suka cika fadamun Kebbi da Jigawa tun bayan shirin rancen noman shinkafa na 2015.

Mai son farawa a gida ba sai ya nemi babban injin ba. Tsohon injin sussukar dawa ko masara, ko na ɓarar gyaɗa, ya isa, kuma yana shiga zaure. Wasu ƙirar cibiyar binciken noma ta Samaru ce, wadda ta faro a 1922 ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Wasu kuma masu walda ne suka kwaikwaya suka ƙara nasu. Irin waɗannan ba su da farantin lamba, ba su da littafi. Sai dai a bi ta kan wanda ya sayar, a tambayi wanda ya sayar masa, har a kai ga shagon da aka ƙera, a rubuta sunan maƙerin da shekarar a buga a jikin injin.

Gwajin gaskiya a gona yake, lokacin yankan shinkafa a Oktoba da Nuwamba, ko na alkama a Maris da Afrilu. A roƙi mai gona ya ba da gefe guda, a shimfiɗa buhu a inda ƙaiƙayi ke zuba, a yi tafiya kaɗan a tsaya a duba. In ƙwaya na fita ta baya, iskar fanka ta yi yawa ko rariya ta tsuke. In tsabar da ke tanki a farfashe take, ganga ta cika gudu ko ta matse. In kuwa zangarniya na fita da sauran ƙwaya a jikinta, sai a ƙara matse ta kaɗan a sake shiga.